Allon Shagon Anselmo

A Porto, a bene na uku,
Eulália ta baza takardu a ƙasa,
kalma ɗaya ce, kowace da irin tafiyarta.

Wannan siririya ce, in ji ta,
hazon Douro zai haɗiye ta kafin hantsi.
Waccan ta miƙe ƙiƙam kamar mai gadin banki,
wa zai sayi sardin a hannunta?

Ubanta Anselmo bai san sunayen haruffa ba.
Shekara arba'in yana jera gwangwani,
nauyin abu a tafin hannu ya sani.
Ya sa tabarau, ya duƙa da ƙyar,
ya ɗora yatsa kan ta ƙarshe.

Haruffa masu kauri, baƙi wuluk,
sun karkata dama kamar mai hawan tudu da kaya,
kowanne da 'yar ƙafa a gindi
kada ya zame kan duwatsun titi.

Ya ce, haka uwarki take tafiya
in ta taso daga bakin ruwa da kwando a ka.

Eulália ta so ta ce wutsiyar R ta yi tsawo,
ta so ta ce S da A sun yi nesa da juna.
Ta haɗiye. Ta ɗauki fensir,
ta matso da su gwargwadon ƙwayar shinkafa.

Ran Talata aka ɗaga allon, ana yayyafi.
Ta tagar bas, daga tsallaken titi,
wani yaro ya karanta shi da ƙarfi
kafin motar ta sha kwana.