Ciwon Ƙugun Katafila

A Dogarawa, bayan masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi,
nan tsohuwar katafila ta durƙusa,
ƙugunta na hagu yana tsiyaya
kamar tulun da ya tsage a gindi.

Oga Tanimu ya ce a tayar da ita.
Ya kafa sukundireba a jikin ƙarfe,
ya ɗora kunne a ƙota, ya lumshe ido.
"Ka ji? Tsakuwa take tauna.
Boris ne. Sil ya mutu tun bara,
yashin Galma ya shiga ya yi gida."

Muka kwance sarƙa, ta zube rigijib.
Muka ɗaga a jak, muka tokare da gungumen maɗaci,
don ba a ba jak amanar rai.
Babban noti ya ce bai san zance ba.
Muka ba shi kananzir, muka ba shi wuta,
na zura bututu a sifana, na hau da nauyina duka,
sai bayan la'asar ya yi ƙara ya sallama.

Abin da ya kwararo ba mai ba ne,
kunu ne mai ruwan toka da garin ƙarfe.
Boris ya faɗo a tafina,
ƙwayoyinsa duk tabon agana,
ɗaya ta rabe biyu kamar goro.

Kwana uku muna sintiri Sabon Gari.
Okwudili ya rantse kayansa na ƙetare ne,
Oga bai dubi kwali ba, lamba ya duba,
ya juya boris a kunne, ya ji shiru,
sannan ya fara ciniki.

Muka ari tsohuwar tukunya wajen Delu mai ƙosai,
muka dafa sabon boris a cikin mai.
Na ɗauko guduma, ya riƙe mini hannu:
"Ajiye. Ƙarfe ma in ya ji ɗumi yakan saki jiki."
Ya kuwa zame a kan shaf, sumul,
ya huce, ya kama, kamar can aka haife shi.

Saura sil, zobba biyu masu sheƙi,
fuska da fuska za su rayu.
Oga ya miƙa hannu, hannun ya yi rawa.
Ya duba shi kamar na wani,
ya mayar aljihu.
"Sadisu, wanke hannu kamar za ka karɓi jariri.
Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta mayar da mu jiya."

Ina goge cikin murfi da tsumma
na ci karo da rubutun ƙusa, tsatsa ta ci rabi:
Tanimu, yaron Mazadu.
Na ɗaga kai. Yana kallon titin Kano.
"Ranar ma hadari ya haɗo," in ji shi,
"kuma na sa sil ɗin a karkace, na sha mari."

Ya laluba ƙasa, ya miƙo mini ƙusa.

Na rubuta nawa a ƙasan nasa, ƙanana,
muka rufe, muka ɗaure noti bi da bi,
muka ɗura man giya har ya leƙo baki.
Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta taka.
Babu tsakuwa. Babu ɗigo a kwalin da na shimfiɗa.

Hadari na taruwa ta wajen Kufena,
manoman fadama na jiran a ɗaga musu bakin dam.
Oga ya yunƙura zai tashi daga kan galan,
gwiwarsa ta ce ƙaras.
Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata:
"Wannan kam Okwudili ba shi da lambarta.
Kwashe sifanu. Ka mayar wa Delu tukunyarta."