Ƙidaya a Ɗakin Masu Ƙuna

A Sitakunda, inda jiragen ruwa ke zuwa mutuwa,
Tofazzal na yanka cikin wani jirgi da harshen wuta
sai iskar gas da ta kwana a tanki ta farka.
Bayan la'asar aka kawo mana shi Chittagong
a bayan motar ɗaukar ƙarafa, cikin jiƙaƙƙen zane.

Ban fara da fatar ba.
Hancinsa na leƙa, gashin ciki ya babbake.
Na ce ya faɗi sunansa, muryar ta fito a dishe
kamar ana jan buhu a kan siminti.
Ya yi tari, kakin baƙi ƙirin, sai ka ce gindin tukunya.
Dakta Barua ya ce, "Ku miƙo bututu tun yanzu.
Maƙogwaro ƙofa ce, kumburi na tafe da sakata."

Dare na biyu ƙirji ya zama ƙirgi.
Ƙonanniyar fata ta bushe, ta zagaye shi ruf,
ganga ce da aka ja wa tsirkiya ta wuce kima,
haƙarƙari na son buɗewa, babu hali.
Likita ya tsaga ta dama, ya tsaga ta hagu,
daga hammata zuwa ƙasa, ya ƙara ɗaya a gicciye.
A gaban idona ƙirjin ya ɗaga
kamar ƙullun da ya kwana a rufe.

Ran tara aka zare bututun. Shayi ya fara nema.

Safe da yamma ina shafa masa farin man nan
mai ratsa matacciyar fata ya bi ƙwayar cuta har gida.
Ya ce raɗaɗinsa ya fi na wutar.
Yakan cije bakin zanen gado, ya kira uwarsa,
ni kuwa in ci gaba, yatsa bayan yatsa.

Sauran aikina ƙidaya ne.
Agogo a rigata, idona a ƙirjinsa.
Sha takwas a minti guda.
Washegari ashirin da huɗu.
Daren Laraba talatin da shida,
mai zurfi, mai sauri, hakin wanda ya tsere wa kare,
alhali ko juyi bai yi ba a kan gadon.
Matarsa Rahela ta riƙe min hannu:
"Apa, hayaƙin ne ya dawo?"

Ni ma huhu na zarga.
Hoton ƙirji bai nuna sabon abu ba.
Jini ne ya fasa ƙwai: ya yi tsami.
Man ya bi ta raunin ya shige jiki,
ya riƙe wa ƙoda hannu tana tsakiyar tata,
sai aka ɗora bashin a kan huhu,
huhun da bai gama tofar da toka ba,
yana biya da haki, kwabo-kwabo, har gari ya waye.

Hannuna ne ya shafa. Wannan na sani.
Umarnin likita ne, kuma ya hana raunin ruɓewa,
duk da haka hannuna ne.
Na kawo ruwan ɗumi da auduga,
na wanke abin da na shafa da yamma,
a hankali, don sabon nama ba ya son gaggawa.
Muka koma wani man, mai azurfa, mai sanyi.

Da asuba talatin da ɗaya.
Da azahar ashirin da shida, ya ɗan runtsa.
Da ya farka bai tambayi fuskarsa ba,
ya ce, "Sun gama yanka jirgin?
Ina bin ɗan kwangila kuɗin kwana goma sha ɗaya."

Yanzu ƙarfe uku na dare, ruwa na dukan kwano.
Rahela ta yi barci a ƙasa, takalminta ne matashi.
A gado na bakwai wata yarinya na tari,
fitilar kananzir ce ta kama mata riga,
ita ma sai na leƙa hancinta.
Amma bari in gama wannan mintin tukuna.
Sha bakwai. Sha takwas. Sha tara.
Na rubuta a littafi, na sa hannu: Shefali.