Kwali a Ƙarƙashin Mota

Da asuba, kafin ladan ya gyara murya,
na durƙusa gaban a-kori-kurar da Kawu Barau ya bar mini,
na jawo kwalin da na shimfiɗa mata jiya.
Tabo uku. Biyu ƙanana,
ɗaya ya kai bakin ludayi.

Ba baƙin mai ba ne, shi na san fuskarsa.
Gas ne, mai warin da ba ya jin sabulu,
wanda Hansai ta ce tana jin sa a tuwo,
tana jin sa a wuyan rigata ta Juma'a.

An ce da yayyafi kogi kan cika,
ba wanda ya ce mini da ɗigo tanki kan ƙafe.
Lita ashirin da nake sha a Taura
da can takan kai tattasai Gujungu, ta dawo da saura.
Yanzu allura na kwanciya
tun ban hango rumfunan kasuwa ba.

Na zargi yaron mota, Allah ya yafe mini.
Na ƙirga jarkoki, na shinshina hannun Ilu,
kwana biyu ina amsa gaisuwarsa da ka.
Ashe ɓarawon tare muke tafe,
yana kwance a cikin injin.

Na gwada dabarun bakin hanya.
Na liƙa sabulu a gindin tanki,
na naɗe tiyo da robar tayar keke
kamar mai ɗorin karaya.
Gas ya ci robar, ta kumbura, ta saki.

Cindo bakanike, can gindin tsamiya,
bai ko dubi sifana ba.
Ya ce a wanke ta. Muka wanke.
Ya ce a bar rana ta yi nata aikin.
Sannan ya aiki yaro wurin mai ƙosai
ya ɗebo toka a murfin kwano,
ya barbaɗe famfo, ya barbaɗe kan nozul,
sai ka ce mai ajiye wake a rumbu.

"Tayar," in ji shi. Na tayar.
Tana kakkarwa, muna tsugune.
Toka fara fat, ba ta ce komai ba,
can sai wuri guda ya soma duhu,
duhun ya rarrafa ya bi bututu.
Cindo ya nuna da yatsansa na shida.

Tiyon da ke mayar da mai tanki ne,
ya tsage kamar dunduniya mai faso.
Kusa da shi wata washa ta tagulla,
ba ta kai ƙwandala ba,
ta gaji da matsi tun zamanin Kawu.

Tiyo muka saya, kamu ɗaya.
Washa babu irinta sai Kano.
Ya jefa ta a garwashin mai shayi
har ta yi ja kamar gauta,
ya tsoma ta a ruwa, ta yi tsaki.
Ya ce, "Ta yi laushi, za ta sake riƙe amana.
Kada ka ɗaure da fushi,
zare ba ya son mai ƙarfi."

Iska ta shiga layi, mota ta ƙi tashi.
Ilu ne ya yi ta danna famfon hannu
har kumfa ta ƙare, mai ya fito tsantsa.
Na dube shi, bakina ya yi nauyi.
Na saya masa shayi da ƙwai biyu.
Ya gane.

Yau ma na jawo kwalin.
Busasshe. Sai tururuwa guda
tana ƙetare shi ba gaggawa.
Inda motar ke kwana, ƙasa ta mutu,
damina biyu ko tsiro babu.
Hansai ta kwashe ta da tsohuwar tasa,
ta zuba sabuwa daga bakin fadama,
ta ce mu gani.