Hasken Ƙarfe Tara

Fausto ya tsayar da ni a bakin ƙofa,
kafin mu hau benen katako mai kuka ƙarƙashin takalma:
"Fara goge idon kyamara.
Mai kwantsa a ido ba ya shaidar ganin wata."

Gida ne siriri a gangaren Porto,
tsawo kamar rake, faɗi kamar tabarma,
shuɗin tayil na bangonsa rabi ya zube,
can ƙasa kogin Douro na jan ciki zuwa teku.

"Kowane ɗaki da sa'arsa," in ji shi.
"Wannan na ƙarfe tara ne, wancan sai la'asar.
In ka zo wa taga da tsakar rana
za ta ba ka fari fat, ta hana ka kogi.
Yaye labule. Kunna fitilu duka,
amma kar ka haɗa farin ƙwai da mai ruwan ɗorawa,
ɗaki ya zama mai fuska biyu.

Riƙe ta daidai ƙirji, ba daidai ido ba,
bango ya tsaya cak kamar mai gaskiya.
Saki gwiwa. Dunduniya tukuna, sannan yatsu,
kamar kana ɗauke da kwanon miya mai zafi
tsakanin yara masu barci.
Ƙirga biyar a kowace kusurwa. A'a, biyar na gaske.

Akwai gilashi mai faɗin baki
da ke mai da akurki zaure.
Kar ka biye masa.
Mai saye zai zo da ƙafarsa
ya auna ƙaryarka da taku uku.

Rufe murfin masai. Kau da soson wanka.
Kula da madubi,
kar ka sayar da kanka tare da gidan."

Dona Ermelinda na zaune a kicin,
sanye da kwat tun safe, jaka a kan cinya,
kamar baƙuwa a gidan da ta shekara hamsin da biyu.
Jibi 'yarta za ta kai ta Braga.
Ta sauke hotuna kamar yadda dillali ya umarta,
bango ya rage da tabo huɗu masu haske
inda fuskoki suka tare rana.

"Gidan sayarwa ba shi da suna," in ji Fausto.
"Bar wa baƙo wurin da zai rataye nasa."

Sai na ga jikin ƙofar kicin:
zanen fensir, layi bisa layi,
Horácio, Graça, Horácio, Graça,
har inda Graça ta ci gaba ita kaɗai.
Na tura ƙyaure don ya rufe shi.
Haka aka koya mini.

Tsohuwar ta ce, "Masu fenti ran Litinin za su zo."
Ba ta ƙara komai ba.

Fausto ya dubi agogo, ya dubi taga.
Hasken ƙarfe tara ya fara naɗe kayansa.
Ya karɓi kyamara daga hannuna,
ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara,
ya fara daga layin ƙasa, tsawon ɗan shekara biyu,
yana tashi a hankali, a hankali,
ita kuma tana faɗin shekarun da ka.

Mun rasa hasken falo ran nan.
Sai da muka komo washegari, ba a biya mu ba.

Na dillali minti ɗaya da rabi ne,
da kiɗa mai taushi, ya ƙare a kan kogi.
Nata minti shida, babu kiɗa:
kukan tsuntsayen teku, butar kofi na tafasa,
kuma a layi na tara, inda suna ɗaya ya tsaya,
hoton ya ɗan girgiza.

Na tambaye shi ko in gyara.
Yana ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba.