Asabar a Dajin Burra

Mota bakwai muka bar Ningi da sanyin safiya,
ruwan daren jiya bai gama ɗiga daga indararo ba.
Gidado a gaba, cikin jif mai sababbin tayoyi,
ni can baya, a tsohuwar a-kori-kurar Baba,
wadda sai an lallashe ta take tashi.

Inda kwalta ta yi mana sallama muka tsaya,
muka rage wa tayoyi iska,
muka ci masa a tsaye, mai na bin yatsu.
Zailani ya ƙirga igiyoyi, shebur biyu, jak ɗaya,
ya ce wanda ya fara kafewa shi zai biya kuɗin shayi.

Sai daji.
Ganyen marke na marin gilashi,
ɗorawa na yayyafa mana sauran ruwan da ta ɓoye.
Hanya ta zama tuwon da bai nuna ba,
ja a nan, baƙi a can,
sitiyari na rawa a hannuna kamar tarwaɗa.
Ka juya dama, mota ta ce hagu take so.
Zabin daji suka tsallaka a jere,
ko kallo ba mu ishe su ba.

Kande, da ke ɗinki a bakin tasha,
ta sa giya ta biyu, ta faɗa kududdufi da guɗa,
ta fito can ƙetare, motarta ta yi wankan laka,
waifa ta buɗe mata ido biyu kawai.
Muka yi ta ihu kamar yaran da aka tasa daga makaranta.

Gidado ne ya biya shayi.
A wata fadama, bayan azahar,
sababbin tayoyin suka haƙa wa kansu rami,
totur na kuka, taɓo na tashi sama ya dawo kanmu.
Igiya ta farko ta tsinke.
Ta biyu ta ja Zailani ya zauna daɓas.
Muka tuɓe takalma, muka shiga har gwiwa,
likita da dillalin waya da malamin lissafi,
ba ka gane kowa sai ta haƙora.

Wani dattijo ya daɗe a gindin kaɗanya yana kallo,
keke a jingine, buhun masara a kai.
Ya saro rassa da addarsa, ya shimfiɗa ƙarƙashin taya,
ya ce a daina taka mai kamar ana faɗa,
a bi ta a hankali, yadda ake fitar da saniya.
Ta fito.

Ya tambaye ni ina muka nufa.
Na ce babu, yawo ne.
Ya dubi ramukan da muka bari a baya,
biyu-biyu, ruwa ya fara taruwa a ciki.
Ya ce ta nan suke kai mai naƙuda asibiti.
Bai ɗaga murya ba.
Na rasa inda zan ajiye hannuwana.

Shebur biyu ne, muka karɓa bi da bi,
muka cike abin da ya ciku kafin la'asar ta yi sanyi.
Na ɗora kekensa da buhun a bayan motar Baba.
A hanya bai ce komai ba sai da zai sauka:
in za ku dawo wasan, ku zo ranar Laraba,
ranar ce kasuwa, kaya na yi mana yawa.

Mun shigo gari da fitilu a kunne,
ƙudan tsando ya bar mini shaida uku a wuya.
Kwana huɗu ke nan ban wanke motar ba.
Taɓon ya bushe, ya tsattsage a jikin ƙofa,
'yata ta zana kaza a kai da ɗan yatsa.
Ɗazu na buga wa Kande waya,
na ce ko Laraba tana da ɗinki da yawa.