Daren da Injiniya Bai Kwanta Ba

Tun da hantsi ya aike ni rugar Dudu
in sayo madara, ba kindirmo ba,
tatsar yau, da ɗuminta.
Dudu ta ce, "Ba'indiyenku jinjiri ya samu?"
Na ce azumi yake.
Ta ce, "Mai azumi da ƙwarya uku?"

Ni ne Arzika, mai gadin injin casar shinkafa
a bakin fadamar Argungu.
Shekara tara dare ne gonata.
Na san muryar kowane kwaɗo,
na san sa'ar da injin ban ruwa ke tari ya mutu,
amma abokin hira, sai daren nan.

Wata ya tsufa, ya koma yankan farce,
shi ma sai gab da asuba zai leƙo.
Natarajan ya yi wanka, ya ɗaura farin zane,
ya ja toka layi uku a goshi,
ya kunna 'yar fitilar mai a baranda.
Cikin farantin tagulla ga baƙin dutse mulmulalle,
bai kai dunƙulen hannu ba.
Ganyen da ake ɗora masa mai yatsu uku ne;
ya duba aduwa, ya ga nata biyu,
sai ya buɗe ambulan da matarsa ta aiko,
busassu, suna karyewa kamar tsohuwar takardar kuɗi.

Ya ce sunan daren Shibaratiri.
An raba shi huɗu, kowane kashi da wankansa:
madara, nono, man shanu, zuma.
Ba a barci.
Na ce, "To, ka shigo sana'ata."

Tsakar dare na tambaye shi dalili.
Ya ce, "Mu a wurinmu ana cewa
an taɓa burga teku kamar yadda Dudu ke burga nono,
ana neman abin daɗi, sai dafi ya fara tasowa.
Kowa ya ja da baya.
Shiba ya kurɓe shi.
Bai haɗiye ba, bai tofar ba,
ya riƙe a maƙogwaro
har wuyan ya rine kamar ya fito daga marina.
Shi ya sa muke zuba masa mai sanyi,
muke zama, kada ya kwana shi kaɗai."

Na ce masa hanyata daban ce.
Ya ce ya sani.
Na ja carbina, ya ja nasa.
Amma na shafa wuyana.
Maganar da ƙanena Nomau ya yaɓa mini
ranar rabon gonar gado
tana nan, damina huɗu,
ban haɗiye ba, ban tofar ba,
kuma ban taɓa ce mata haƙuri ba,
ƙulli nake ce mata.

Wajen ƙarfe biyu waya ta yi ƙara.
Garinsu gari ya waye.
Na ji ƙararrawa, na ji taro, na ji yarinya tana dariya,
sun gama, za su sha ruwa.
Shi kuwa da sauran tafiya,
dagashi sai sauro sai ni.
Ya kife wayar. Kansa ya fara rinjaya.
Na buga tocila a jikin ƙofa, ƙwan, ƙwan,
yadda nake yi wa kaina.
Ya zabura, ya ɗauki zumar.

Da ladan ya yi kiran farko
ya ce, "Tafi, zan riƙe maka ƙofa."
Na dawo daga masallaci na same shi kan bencina,
sandata a hannunsa, toka ta goge rabi,
kyanwar sito tana lasar abin da ya gangaro daga faranti.
Ya ɓare ayaba, ya miƙo mini ɗaya.

Ban wuce gida ba.
Na bi ta kan kunyar shinkafa, raɓa har gwiwa,
na nufi unguwar su Nomau.