Ɗan Aike Marar Ido

Da hantsi, a ofishinmu na Gawon Nama,
fanka na juya zafi, ba ta korar shi.
Bayanai talatin da biyu na jirana a allo,
Lauwali ya rubuta su jiya bayan isha'i.
Aikina in karanta kamar ban san komai ba.

Don mai karatun bai san komai ba.
Ɗan aike ne na na'ura, ba ido, ba hanci,
bai taɓa shaƙar albasa a kasuwar Kara ba,
bai san Goronyo ba, balle Wurno.
Abin da aka rubuta masa shi ne duniyarsa.
In an ce gabas, gabas zai yi, ko rijiya ce a gaba.

Na farko: "Yana duba farashi."
Kalma uku, Lauwali ya ja bakinsa ya tsuke.
Farashin me? Buhu ko kwando?
Ja ko fara? Sabuwar haƙa ko ajiyar rumbu?
Na yau, ko na kasuwar da ta watse?
Na ɗauki tambayar Hajiya Inno ta makon jiya,
na miƙa wa ɗan aiken don gwaji.
Ta nemi kuɗin buhu, ya kawo na kwando,
cikin ladabi, ba ko inda-inda.
Da ba gwaji ba ne, buhu arba'in sun tafi a banza.
Biyu cikin goma. Na ƙara ɗaya, na soke.

Baba baduku ne a Madunka.
Ina shekara bakwai ya ce, "Miƙo min abin nan."
Na miƙa wuƙa, ashe basilla yake nufi,
ta tsinin kuma na miƙa.
Ya tsotse jinin yatsansa, ya daɗe bai ce uffan ba.
Sannan: "Laihina na, ɗiyata.
Wanda ag gaya ma rabin magana, rabin aiki shika yi."
Ranar ya baje kayansa kan buzu, ɗaya-ɗaya:
wannan sunanta kaza, tana huda, ba ta yanka,
wannan kar ki kai ta kusa da jiƙaƙƙiyar fata,
ga inda ake riƙewa, ga inda ke cizo.

Na sha bakwai kirari ne zalla:
mai sauri, mai ƙarfi, gagara gasa.
Layi tara na yabo,
ba inda ya ce in kuɗi sun fita ba sa dawowa.

Na ashirin da na ashirin da ɗaya tagwaye ne,
"aika saƙo" da "tura saƙo", riga iri ɗaya.
Ɗaya mutum guda yake kai wa,
ɗaya manoma ɗari uku na ƙungiya.
Ɗan aiken ya yi canki-canki, ya zaɓi na biyu,
bashin mutum ɗaya ya zama shelar gari.

Sai na ashirin da tara, na gyara zama.
Ya ce: ba ni sunan kasuwa da kwanan wata,
in ba ka kuɗin buhun jar albasa, da naira.
In ranar ba a ci kasuwa ba, zan ce ban sani ba.
Kar ka tambaye ni tafarnuwa.
Na ji muryar Baba a ciki. Tara.

Azahar ta gota, Lauwali ya shigo da furarsa a leda,
ya ga jan biyun, ya ɓata rai.
"Haba Atine, kowa ya san buhu ake nufi."
Na ce, "Kowa wa?"
Na juya masa allon, inda wanda ba kowa ba ke jira.

Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya.
Batir na da sauran minti arba'in.
Ya ajiye furar, ya jawo kujera,
ya fara neman kalma ta huɗu.